Tambayoyi da amsoshi kan bambancin katunan girafik na kamfanoni daban-daban

Me ya sa ake ganin sunayen kamfanoni biyu a jikin kati guda?

Saboda ƙera katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotunan da ake gani a fuskarta, aikin hannu biyu ne. Kamfanoni uku na Amurka ne ke tsara cif ɗin da ke sarrafa hoto, wato Nvidia da AMD da kuma Intel, wanda ya shigo kasuwar da jerin Arc a shekarar 2022, ko da yake mafi yawan cif ɗin a masana'antun TSMC na Taiwan ake ƙera su. Daga nan sai kamfanoni irin su Asus da MSI da Gigabyte da Sapphire su saya, su ɗora shi a kan allon da suka tsara, su haɗa masa fankoki da ƙarafunan da ke zuƙe zafi.

Ina bambanci tsakanin Nvidia da AMD da Intel?

Nan ne babban bambancin yake. Ƙarfin Nvidia ya ta'allaƙa ne ga CUDA, tsarin da ya sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira da na zane irin su Blender suka fi sabawa da katunanta, sannan fasaharta ta DLSS, mai ƙara saurin wasanni, a katunanta na jerin RTX kaɗai take aiki. AMD kuwa ta kan ba da ma'ajiyar bayanai mai yawa a jikin kati, domin katinta RX 7600 XT na da gigabayit 16, alhali RTX 4060 na Nvidia na da 8 kacal. Intel da sauƙin farashi take jawo masu saye, kamar yadda ta fitar da Arc B580 mai gigabayit 12 a kan dala 249 a ƙarshen 2024.

Idan cif ɗin ɗaya ne, shin katin Asus ya fi na wani kamfanin haɗa kati, kamar Zotac, sauri?

Da ƙyar ido zai gane. Wasu kamfanonin na ɗan ƙara wa cif gudu tun daga masana'anta, amma ribar ƙanƙanuwa ce. Abin da ya bambanta su shi ne sanyayawa da ƙarar fanka da tsawon katin da sharuɗɗan garanti. Sanyayawar ba abin wasa ba ce ga mai aiki a Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke toshe fankoki, domin katin da ya ɗauki zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace.

To wanne ya kamata a saya?

A ganina, a fara zaɓen cif gwargwadon aikin da za a yi, sannan a duba kamfanin da ya haɗa shi. Asara ce a biya kuɗin ƙawa da fitilu a kan ƙaramin cif har farashinsa ya kusa kai na wanda ya fi shi ƙarfi. Kafin a biya, a auna akwatin kwamfutar, a kuma tabbata na'urar rarraba wutarta za ta iya ɗauka, tunda RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450.