Yadda Sunan Tsauni Ya Ɓace Daga Shayin Pu'er, Ya Kuma Dawo da Tsada

Duk wanda ya shiga kasuwar shayi a biranen Kunming ko Guangzhou na ƙasar Sin a yau ya ɗauki curin shayin Pu'er, tambayar da zai fara yi kafin ya taya ita ce: daga wane tsauni ya fito? Daga nan sai wane ƙauye, tsohuwar bishiya ce ko sabon shuka, tsinkar bazara ce ko ta kaka. Mai sauraro zai ɗauka haka abin yake tun kaka da kakanni, alhali kuwa shekaru arba'in da suka wuce da wuya ka ji mai saye ya yi wannan tambaya.

Pu'er shayi ne na lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda ta yi iyaka da Laos da Myanmar da Vietnam. Ganyensa manya ne. Ana tsinko shi, a ɗan soya a babban kasko, a murza, a shanya a rana, sannan a turara a danne shi ya zama curi mai fasalin faifai. Nauyin da aka saba shi ne giram 357, ana ɗaure guda bakwai a ɓawon gora. Shanyar ranar nan ita ce sirrin, domin ba ta kashe ganyen gaba ɗaya, sai ya ci gaba da sauya ɗanɗano shekara da shekaru.

A da, garin Pu'er kansa kasuwa ce ta tara kaya. A 1729 daular Qing ta kafa gunduma a wurin, aka riƙa kai wa fadar sarki shayin yankin a matsayin gaisuwa, ayarin alfadarai kuma na dakonsa zuwa Tibet. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 an riga an san tsaunuka shida da suka yi fice a gabashin kogin Lancang, wanda duniya ta fi sani da Mekong: Youle, Gedeng, Yibang, Mangzhi, Manzhuan da Mansa, inda garin Yiwu yake. Gidajen fatauci irin su Tongqing da Songpin suna cusa 'yar takardar shaidarsu a jikin curin. Kamar dai yadda tsohon ɗan kasuwar goro ke bambanta na Gwanja da na Shagamu daga ɓarawa ɗaya, haka dillalan wancan zamani suka san ganyen kowane tsauni.

Sai abubuwa suka taɓarɓare. Yaƙi da annoba da toshewar hanyoyin ciniki a shekarun 1930 da 1940 suka durƙusar da tsaunukan shida, garin Yibang ma ya ƙone a 1942. Bayan 1949 gwamnati ta karɓe harkar, gidajen fatauci suka shuɗe, manyan masana'antu na Menghai da Xiaguan da Kunming suka zama su ne wuƙa da nama. Masana'anta kuwa abin da take so shi ne ɗanɗanon bana ya yi daidai da na bara. Saboda haka ta riƙa gauraya ganyen wurare daban-daban, ta raɗa wa kowane haɗi lamba. Mafi shahara ita ce 7542: alƙaluma biyu na farko shekarar haɗin ne, 1975, na uku darajar ganye, na ƙarshe kuma masana'antar Menghai. Babu tsauni ko ɗaya a ciki. A 1973 kuma aka ƙirƙiro hanyar nunar da shayin da gaggawa a Kunming: a tsiba ganye, a yayyafa ruwa, a lulluɓe shi makonni har ya yi baƙi. Wannan nunannen shayi yana da daɗinsa, amma tsibin yana cinye yawancin abin da ƙasar wurin ta ba ganyen.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zango shi ne makomar tsofaffin itatuwa. An ɗauke su a matsayin koma baya, ba sa ba da yabanya mai yawa, tsinkarsu kuma sai an hau. An sare wasu, an gundule kan wasu, aka cika gangaren tsaunuka da gajerun shuke-shuke a jere. Har zuwa farkon shekarun 2000, a ƙauyuka da dama ganyen sabon shuka ya fi na bishiyar da ta haura shekara ɗari kuɗi.

Farfaɗowar ta zo ne daga waje. Gidajen shan shayi na Hong Kong sun daɗe suna jibge Pu'er a ɗakunan ajiya, da aka fara fito da tsofaffin curin sai masu tarawa na Taiwan suka ɗanɗana suka rikice. A tsakiyar shekarun 1990 wasunsu suka bi sawun takardun da ke jikin curin har Yiwu, suka nemo dattawan da suka taɓa aiki a tsofaffin gidajen, aka sake danne shayi da dutse. Kuɗi ya biyo baya. Farashi ya yi ta hawa, har a 2007 aka sauya wa birnin Simao, wanda ba shi ne tsohon garin Pu'er ba, suna zuwa Pu'er, a cikin shekarar kuma kasuwar ta faɗi warwas. Mutane da yawa da suka zuba jari a kwalayen masana'anta suka yi asara. A 2008 gwamnati ta fitar da ƙa'idar cewa ba a kiran shayi Pu'er sai in babban ganyen Yunnan ne da aka shanya a rana, daga yankin da aka shata. Daga nan hankalin masu kuɗi ya koma kan abin da masana'anta ba za ta iya ninkawa ba, wato tsohuwar bishiya a sanannen ƙauye.

To, shin harshe na iya gane wurin da gaske? A ganina yana iya, matuƙar an tsaya a manyan yankuna. Zuba ɗanyen shayin Yiwu na bana, wato wanda ba a nunar da shi ta tsibi ba, a ƙaramin kwano mai murfi, zuba na tsaunin Bulang a wani, giram bakwai-bakwai, ruwa guda, daƙiƙa goma. Na Yiwu zai shiga baki a hankali, da laushi da ɗan zaƙi kamar na zuma, har baƙo ya ce ai wannan ba shi da ƙarfi. Na Bulang kuwa ɗaci ne zai fara dukan harshe, kafin a ajiye kofi ya narke, maƙogwaro ya cika da zaƙi, yawu ya tsinke. Wannan ne ya sa masu shayi ke cewa Banzhang, wato ƙauyen Lao Banzhang da ke tsaunin Bulang, sarki, Yiwu sarauniya. Na ƙauyen Lao Man'e ɗacinsa ya fi daɗewa. Na Jingmai, wanda UNESCO ta sa dazukan shayinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, ƙamshin fure ne ke tashi daga kofin ko bayan an shanye, tare da bauri a gefen harshe. Na Mengku a yankin Lincang, inda ƙauyen Bingdao yake, zaƙinsa garau ne da ɗan sanyi.

Inda nake ja da baya shi ne masu cewa suna gane ƙauye da ƙauye ido a rufe. Hannun mai suya kaɗai yana iya sauya komai: in kasko ya yi zafi da yawa ganyen ya koma kamar koren shayi, in an bar shi ya daɗe yana yaushi sai ya yi zaƙin da ba nasa ba. Ajiya ma haka. Curi biyu daga kwando ɗaya, ɗaya ya shekara goma a busasshiyar iskar Kunming, ɗaya a laimar Guangdong ko Malesiya, za su fito kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Shi ya sa masu koyo na gaske ke farawa da sabon ɗanyen shayi, 'yan samfura kaɗan-kaɗan daga dillali guda amintacce, suna sha gefe da gefe suna rubuta abin da suka ji, maimakon sayen curi guda mai tsada su kafa hujja da shi.

Sannan ga matsalar takarda. Lao Banzhang ƙaramin ƙauye ne na ƙabilar Hani, kilo ɗaya na ganyen tsofaffin itatuwansa na bazara yana cin dubban yuan, kuɗin Sin, amma abin da ake sayarwa da sunansa a kasuwa ya ninka abin da ƙauyen ke iya nomawa sau da yawa. Ganye na tsallakowa daga Laos da Myanmar ya shiga cikin na sanannun wurare. Wanda ya koyi ɗanɗanon Banzhang a kan jabu zai yi shekaru yana ƙaryata na gaske. Mutanen ƙauyen da kansu sun kafa shinge a bakin hanyar shiga, suna duba motoci lokacin tsinka don kada a shigo da ganyen wani wuri a fita da shi da sunansu.