Waiwaye: Tun Yaushe Batirin Litiyam Ya Fara Cin Wuta?

Duk shekara in bazara ta kama, zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ya haura digiri 40, sai maganar batir ta dawo majalisu. Wani ya ce fawa-bankinsa ya kumbura, wani ya kawo labarin shagon caji da ya kama da wuta cikin dare. Masu sayarwa su ɗora laifin kan cajar banza, masu gyara su ce wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi ce, dattawa kuma su yanke hukunci cewa kayan zamani ne ba su da ƙarko. Kowa da guntuwar gaskiyarsa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya girmi yawancin samarin da ke sayar da batiran.

Farkon labarin sananne ne. Stanley Whittingham ya haɗa batirin litiyam mai caji a shekarun 1970, sai dai tsantsar litiyam ɗin da ke cikinsa yakan tsiro da ƙayoyi masu haɗa waya daga ciki. John Goodenough ya kawo sinadarin kobalt a 1980 yana jami'ar Oxford, Akira Yoshino ya maye gurbin tsantsar litiyam da kabon a 1985, Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun sun raba kyautar Nobel a 2019. Gobarorin da suka biyo baya ma an sha jinsu: miliyoyin batiran kwamfutar cinya da aka janye a 2006, wayoyin da aka hana shiga da su jirgi a 2016, shekarar da aka daina ɗaukar irin waɗannan batira a matsayin kaya cikin jiragen fasinja.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1997. A shekarar, ɗakin binciken Goodenough, lokacin ya koma jami'ar Texas a Amurka, ya fitar da sakamakon aiki kan wani sinadarin daban, haɗin litiyam da ƙarfe da fosfat, wanda yau ake rubuta LFP ko LiFePO4 a jikin batir. Bambancinsa da na kobalt yana wajen iskar oksijin. Na kobalt in ya yi zafi ƙwarai, tsakanin digiri 150 zuwa 200, yakan saki oksijin ɗin da ke jikinsa. Ruwan da ke cikin ƙwayar batirin kuwa mai kama wuta ne. Ga mai, ga iska, ga zafi, duk a cikin gwangwani guda. Shi ya sa lulluɓa masa bargo ba ya kashe shi. A LFP kuwa fosfat ya riƙe oksijin ɗin gam, ba ya sakinsa da sauƙi. Yakan yi zafi, yakan fitar da hayaƙi mai guba, kada wani ya ɗauka ba ya illa, amma da wuya ya tashi da irin wutar ɗan'uwansa. Ga shi babu kobalt a cikinsa, ma'adinin da yawancinsa daga Kwango ake haƙo shi, ƙarfe kuwa ko'ina akwai.

To me ya hana duniya ta rungume shi tun a lokacin? Nauyi. Ƙwayar LFP bolt 3.2 take bayarwa, ta kobalt 3.6 zuwa 3.7, kuma kowane kilo na LFP bai kai na kobalt ɗaukar wuta ba. Da farko ma lantarki ba ya ratsa shi sosai, sai da masana, ciki har da Michel Armand, suka gano a lulluɓe ƙwayoyin garinsa da kabon. Ga kuma shari'o'in haƙƙin mallaka da suka ɗaure shi shekaru, manyansu ba su ƙare ba sai wajen 2022. Amma a ganina babban dalilin yana aljihun mai saye. Masu kuɗin lokacin waya da kwamfuta suke saye, suna son ta zama siririya, ta kuma yini ba ta mutu ba. Kasuwa ta bi su. Kuma yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, ko a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, inda digiri 25 da ake gwada batir a kai ba almara ba ce.

A dubi ƙwayar nan mai suna 18650, milimita 18 a kauri, 65 a tsawo. Gwangwaninta bai canja ba, amma abin da take ɗauka ya tashi daga wajen 1,200 mAh (ma'aunin yawan caji) zuwa 3,500, kusan ninki uku. Don a samu wurin, sai aka yi ta rage kaurin komai, har da ledar da ke raba ɓangarori biyu na cikin ƙwayar, na (+) da na (-), wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma tana narkewa a wajen digiri 130. Da ƙwayar ta daina iya tsare kanta, sai tsaron ya koma waje: ɗan allon lantarki da ake kira BMS mai yanke caji kafin a wuce bolt 4.2, na'urar jin zafi, fiyus, da tazara tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Motar Tesla Roadster ta 2008 ƙwaya 6,831 ta ɗauka, amma da ruwan sanyaya yana zagayawa a tsakaninsu, kowace kuma da fiyus ɗinta.

Mu kuwa ragowar wancan zaɓin ne ya iso mana. Da ruwan madatsar Lagdo, mai ba yankin wutar lantarki, ya yi ta ja baya a shekarun baya, ɗauke wuta ya yawaita daga Ngaundare har Marwa, kowa ya shiga neman abin da zai kunna fanka da fitila. A tsaya bakin teburin mai gyara a kasuwa a gani. Zai ɓare tsohon batirin kwamfuta da sukudireba, ƙwaya shida su fito, wasu kore wasu ja. Ɗan allon da ke manne da su, wanda shi ne mai gadin, sai ya tsinke shi ya jefa kwandon shara. Ya ɗora mita, duk wadda ta nuna 3.7 ta ci jarrabawa, alhali mita ba ta faɗin shekarun ƙwaya ko wahalar da ta sha. Sai ya liƙa waya da dalma daidai kan hular, inda ƙofar fitar da iska take, ya matse su jiki da jiki, ya naɗe da salatif. In ɗaya ta gaji a cikin jerin, caji ba ya rabuwa daidai, wata ta cika ta wuce iyaka ba mai tsayar da ita. In ta kama kuwa, sauran bi suke yi kamar dangar kara.

Ban ga laifin mai gyaran shi kaɗai ba. Mai saye in ya zo, abin da yake faɗa bai wuce "Maigida, wanda yake jimawa nake so, kuma kada ya yi nauyi" ba. Shi ya sa ake samun ƙwayar 18650 da aka rubuta wa 9,800 mAh a jiki, abin da ba a taɓa ƙerawa ba, kuma ita ce ake saurin sayewa a tebur.

Daga wajen 2020 masu ƙera batir a Sin suka rage ɓangarorin da ke cin wuri a cikin akwatin, suka cike wani ɓangare na giɓin da ke tsakanin LFP da na kobalt, farashinsa kuma ya sauko. Ƙwaya huɗu nasa suna ba da bolt 12.8, daidai da inbata da kayan sola da muka saba haɗawa da batirin mota. Yanzu ana ganinsa a shagunan sola na Garwa da Marwa, a cikin akwati mai nauyi, a kan tebur ɗaya da naɗin salatif, wanda har yau ya fi shi araha nesa ba kusa ba.