An ce ku fita ku nemo mana abinci: abin da doka ta ba ma'aikatan abinci lokacin korona, da abin da ba ta ba su ba

Wanda yake Nima ko Mamobi, unguwannin Accra babban birnin Ghana, a 2020 ba zai manta da safiyar Litinin, 30 ga Maris ba. Titin da kullum sai ka yi da gaske kafin ka tsallaka, ranar ko akuya ta kwanta a tsakiya ba mai tashinta. An kulle Accra da Tema da Kasoa da Kumasi, aka yi mako uku, sai 20 ga Afrilu aka buɗe. Sai dai ba kowa aka ce ya zauna a gida ba.

Dokar da aka dogara da ita ita ce mai lamba 1012, wadda majalisa ta yi cikin gaggawa a watan Maris ɗin. Ta ba shugaban ƙasa ikon taƙaita zirga-zirga da taruwar jama'a da takardar umarni. Hukuncinta ba wasa: tarar sidi 12,000 zuwa 60,000, ko ɗaurin shekara 4 zuwa 10, ko a haɗa wa mutum duka. Amma umarnin kullen ya cire masu noma abinci da masu sarrafa shi da masu kai shi kasuwa da masu sayarwa, masunta kuwa da sunansu aka ambace su. Ke nan mai lambu a Dzorwulu, da mai bandar kifi a Chorkor, da ɗan albasa a Agbogbloshie, duk suna da izinin fita. Iyakoki ma da aka rufe tun 22 ga Maris, mutane aka hana, ba kaya ba, shi ya sa albasar Nijar ba ta yanke ba.

A takarda ke nan. A shingen jami'an tsaro kuwa sai ka tabbatar cewa kai ɗin ne. Ma'aikacin kamfani ya zaro katinsa ya wuce. Kawuna mahauci ne, da asuba ya kama hanyar Tulaku a Ashaiman zai sayo sa, wani matashin soja ya tare shi ya ce, "Baba, ina takardarka?" Ya kwance buhu, ga gatari, ga wuƙaƙe, ga rigar aiki duk jirwayen jini, ya ce, "Ɗana, ga ta nan." Ya sha da dariya. Da yawa ba su yi wannan sa'ar ba, aka mai da su gida, kayan gwari na ruɓewa a kwando.

Abin da ya fi damuna shi ne, mutane sun ɗauka izinin fita kariya ce. Ba ita ba ce. A watan Mayu Shugaba Akufo-Addo da bakinsa ya sanar cewa ma'aikata 533 sun kamu a wani kamfanin sarrafa kifi a Tema, kuma daga mutum ɗaya. Wanda ya taɓa leƙa irin wurin ba zai yi mamaki ba: kafaɗa da kafaɗa ake tsayuwa kan layi, ɗaki a rufe, ƙarar inji ta sa sai ka ɗaga murya a kunnen na kusa da kai, a tashi kuma mota ɗaya ta kwashe kowa. Kwale-kwalen masunta ma haka, ina za ka ba da tazara a ciki?

Dokar da ke kare ma'aikaci daban take, kuma ta riga korona: Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651. Sashe na 118 ya ɗora wa mai aiki nauyin samar da wuri mai tsafta da aminci, da kayan kariya, ba tare da ya cire ko kwabo a albashinka ba. Sashe na 119 ya ce in ka ga haɗari babba da ke dab da taɓa lafiyarka ko ranka, ka gaya wa na gaba da kai nan take, ka janye. Ba a korarka don wannan, ba a riƙe maka albashi. Ka lura da sharaɗin: ka faɗa tukuna. Wanda ya sulale gida shiru ya raunana hujjarsa da hannunsa. In aka tauye ka, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ce ke sauraron ƙara, kuma wanda ya yi wata shida a jere yana aikin wucin gadi wurin mutum ɗaya, doka na kallonsa kamar ma'aikacin dindindin.

To, amma duk wannan sai kana da uban gida. Mai koko da ƙosai wa za ta kai ƙara? Kayayai, wato mata 'yan dakon kasuwa, da aka tare a Ejisu, sun ɓuya a motar kaya za su gudu arewa, ba doka suka raina ba. Kasuwa ta tsaya, cin yau ya gagara. Gwamnati ta ɗauke wa jama'a biyan kuɗin ruwan famfo, ta ware sidi miliyan 600 na rance mai sauƙi ga ƙananan 'yan kasuwa, amma sai mai lambar haraji, abin da ba kowa ne yake da ita ba cikin mutanenmu na zango.

Ita dokar 1012 yanzu ta kwanta dama. A watan Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce ta saɓa wa tsarin mulki, wanda dama ya tanadi hanyar kafa dokar ta-ɓaci da majalisa ke sa wa ido. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 kuwa tana nan, ita da ta ƙwadago. Kawu dai tun daga lokacin ya je ya yanki katin ƙungiyar mahauta, ya naɗe shi a leda, yana aljihun gaba tare da carbi.