Dokar 'Yancin Samun Bayanai: yadda mai zaɓe zai ga takarda da idonsa

Da zarar zaɓe ya gabato, sai sojojin baka su cika gidajen rediyo. Wannan ya rantse ɗan majalisarsu ya haƙa rijiyoyin burtsatse a kowace mazaɓa, wancan ya rantse ko ɗaya ba a gani ba. Kowa ubangidansa yake karewa, mai zaɓe kuwa an bar shi da ji ta ji ta. Alhali akwai dokar da ta ba shi damar neman takardar aikin da kansa, ba sai ya bi ta hannun wata jam'iyya ba.

Sunanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta sha jinkiri kafin ta tabbata: tun 1999 ƙudirin ya shiga Majalisar Tarayya, majalisa ta amince da shi a 2007, Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu.

Sashe na 1 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba dole ba ne ya faɗi dalilinsa. Wannan gaɓar ce na fi so a riƙe, domin abin da aka saba ji a ofis shi ne "wa ya aiko ka?" ko "me za ka yi da shi?" A doka, amsar waɗannan tambayoyin ba ta kanka. Kuma hukuma a nan ba ma'aikatu kaɗai ake nufi ba, har da kamfani mai zaman kansa idan da kuɗin jama'a yake aiki.

Hanyar mai sauƙi ce. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar, ka fayyace abin da kake so. Kada ka ce "ina son bayanin ayyukan mazaɓarmu", za a yi ta yawo da kai. Ka ce kana neman kwafin takardar kwangilar ginin aji kaza a makaranta kaza, da sunan ɗan kwangila, da kuɗin da aka ware, da wanda aka biya zuwa yau. Ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka, don daga ranar ake fara ƙirga kwana. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalurar nakasa, wani na iya nema a madadinsa. Ko da baki ka nema, wajibi ne jami'in ya rubuta buƙatar ya ba ka kwafi. Kuɗin da za a karɓa a hannunka bai wuce na buga kwafin takardun ba.

Hukuma tana da kwana 7 ta ba ka abin da ka nema, ko ta rubuto maka dalilin hanawa tare da sashen dokar da ta dogara da shi. Tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma a can hukumar ce za ta tabbatar tana da hujja, ba kai ba. Idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce. Jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kuwa, ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ke jiransa.

Akwai abin da ake iya hanawa, kamar sirrin tsaron ƙasa, da binciken laifi da ba a kammala ba, da bayanan rayuwar mutum na ƙashin kansa. Kwangilar rijiya ko ta ginin asibiti ba ta cikin irin waɗannan.

Shekaru da dama wasu gwamnatocin jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025, a wata ƙara da ta taso daga jihar Edo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da talaka ke hulɗa da su kullum suna hannun jiha ne da ƙaramar hukuma.

Wasu bayanan ma ba sai ka rubuta wasiƙa ba. Kasafin kuɗin tarayya yana shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi, rabon arzikin ƙasa na wata-wata kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi, jiha-jiha. Ƙungiyar BudgIT, wadda ba ta jam'iyya ba ce, tana bibiyar ayyukan mazaɓu ta shirinta na Tracka. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma, a lokacin da take aiki, a sashe na 29 ta ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC liƙa bayanan 'yan takara a mazaɓunsu, ta kuma ba kowa damar neman kwafin takardun da ɗan takara ya yi rantsuwa a kansu, a ba shi cikin kwana 14 bayan ya biya kuɗin da aka ƙayyade.

Gaskiya hukumomi da yawa suna yin biris da wasiƙun, zuwa kotu kuma yana cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa ya fi kyau ƙungiyar unguwa ko ta matasa ta nema da sunanta, a haɗa kuɗin lauya idan ta kai ga haka, a kuma fara tun da sauran watanni kafin ranar zaɓe.