Kiristanci da Biyan Buƙatun Rayuwa a Maraɗi

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kuma a Maraɗi, garin malamai da alhazan ƴan kasuwa, tsiraru ne. Talakan jihar ya fi sanin su a wurin magani da aikin gona, ba a wurin wa'azi ba. Wannan hidima tana da tushe a koyarwarsu. A Matiyu sura 25, Yesu Almasihu ya ɗauki ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishirwa da duba mara lafiya kamar shi kansa aka yi wa. Wasiƙar Yaƙub sura 2 kuwa ta ce bangaskiyar da babu aiki tare da ita matacciya ce.

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri da cikin Maraɗi. Cocin Katolika ya samu dayosis (yankin da bishop ke shugabanta) na Maraɗi a 2001, kuma yana kai agaji ta hannun ƙungiyarsa ta jinƙai, Caritas.

Danja

A 1956 SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da birni, kan hanyar Katsina. A wancan zamani kuturu ba cutar kaɗai ke damun sa ba, har da gudun da dangi ke yi masa. Kuturta tana kashe jijiyoyi, sai mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai ji ba, gyambo ya kama, yatsu su lalace. Shi ya sa aikin ya haɗa da wanke miki, samar da takalman kariya, da koya wa majinyaci duba tafin ƙafarsa kullum. Yau haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12 yana warkar da cutar. A 2012 aka ƙara cibiyar tiyatar yoyon fitsari, lalurar da doguwar naƙuda ke jawo wa mata, wadda sau da yawa take kashe musu aure.

Sassaben zamani

Aikin da ya fi barin tarihi a gona aka yi shi. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, iska da awaki suna gamawa da sauran. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da manomi ke sassabewa kafin damina ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙarƙashin ƙasa. Dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta cin kuɗi: manomi ya zaɓi rassa mafi ƙarfi, kamar biyar, a jikin kalgo ko sabara, ya datse sauran da wuƙa, ya kare su daga dabbobi.

Da farko an ƙi, domin gona mai itace alamar ragwanci ce a idon mutane. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda ake kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi, mishan ta riƙa ba da hatsi ga ƙauyukan da suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka samu itacen girki, abincin dabbobi, da katangar da ke hana iska binne shuka da rairayi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Adalci ne a ce yawancin aikin manoma ne suka yi shi, akasarinsu Musulmi, wani na koya wa wani. Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood a 2018.

Muhawara

Tun zamanin Turawa akwai masu zargin cewa magani da hatsi tarkon canja addini ne, kuma zargin ba wasa ba ne, domin mai yunwa ba ya iya cewa a'a cikin sauƙi. A cikin Kiristocin ma akwai masu ganin wa'azi ne gaba, da masu cewa taimako ibada ne ko wanda aka taimaka bai taɓa shiga coci ba. Mafi yawan masu zuwa Danja Musulmi ne, da carbinsu suke zuwa, da shi suke komawa gida.