Cutar Kandida a Al'aurar Maza: Tambayoyi da Amsoshi

Ashe maza ma suna kamuwa da wannan cuta?

Ƙwarai kuwa, ko da yake ta fi yawa a tsakanin mata, shi ya sa mutane da dama suke ɗaukar ta a matsayin lalurarsu su kaɗai. Abin da ke haddasa ta wata ƙwaya ce daga dangin naman gwari da ake kira Kandida, kuma nau'in da aka fi samu shi ne Kandida albikans. Wannan ƙwaya tana zaune a fata da baki da hanjin masu ƙoshin lafiya ba tare da ta cutar da su ba, domin garkuwar jiki da bakteriya masu amfani suna taka mata birki. Idan ta samu ɗumi da danshi, ko kuma waɗannan masu tsaro suka raunana, sai ta hayayyafa fiye da kima, ta jawo kumburi a kan azzakari, wani lokaci har da matsematsi.

Ta yaya mutum zai gane ta?

Alamomin da aka fi gani su ne ƙaiƙayi da raɗaɗi a kan azzakari, wurin ya yi ja yana sheƙi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje jajaye. Wanda ba a yi masa kaciya ba yana iya ganin wani farin abu mai kauri, kamar madarar da ta tsinke, ya taru a ƙarƙashin loɓa, tare da ɗan wari. Wasu suna jin zafi lokacin fitsari ko saduwa, wasu kuma fatar takan tsage ko ta kumbura har janye loɓar ya yi wuya.

Sai dai ya kamata a yi hattara a nan, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ya keɓanta da Kandida. Sabulu mai ƙarfi yana sa fata ta yi ja, maƙero yana sa ƙaiƙayi a matsematsi, wasu cututtukan fata ma suna kama da ita. Mugunya mai fitowa daga mafitar fitsari ta fi nuni ga ciwon sanyi, gyambo marar zafi yana iya zama tunjere, ƙuraje masu ruwa da zafi kuma wata cuta ce daban. Saboda haka wanda abin ya same shi karo na farko, ya fi masa alheri ya bari ma'aikacin lafiya ya duba, idan da buƙata a ɗauki samfuri a gwada.

Su wa suka fi saurin kamuwa?

Waɗanda ba su da kaciya suna kan gaba, saboda danshi yana taruwa a ƙarƙashin loɓa, amma kaciya ba ta zama cikakkiyar kariya ba. Sai wanda ya sha maganin antibayotik na tsawon lokaci, domin maganin yana kashe bakteriya masu amfani ya bar wa Kandida fili. Akwai kuma masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, da masu jinyar sankara, da masu shan magungunan sitiroyid (masu kwantar da kumburi), sannan masu ƙiba sosai.

Babban abin lura shi ne ciwon suga. Idan suga ya yi yawa a jini yakan fito a fitsari, wanda ke zama abinci ga ƙwayar, ga shi kuma garkuwar jiki ta ragu. Akwai mazan da ba su san suna da ciwon suga ba sai da wannan ƙaiƙayi ya yi ta dawowa. Wasu magungunan suga ma, irin su dafagiliflozin da emfagiliflozin, suna aiki ne ta hanyar fitar da suga a fitsari, don haka suna ƙara yiwuwar kamuwa. Mai shan su bai kamata ya daina da kansa ba, sai dai ya sanar da likitansa.

Ana ɗaukar ta ta hanyar jima'i?

Likitoci ba sa lissafa ta cikin cututtukan jima'i, tunda wanda bai taɓa saduwa ba ma yana iya samun ta, amma tana iya wucewa tsakanin ma'aurata. Don haka ganin ta ba hujja ba ce ta zargin juna. Matar tana buƙatar magani ne idan ita ma tana da alamomi, kuma idan tana da juna biyu kada ta sha ƙwayar maganin mijinta, sai ta ga likita.

Mene ne maganinta?

Galibi man shafawa mai kashe naman gwari ya isa, kamar kulotirimazol na kashi 1 cikin 100 ko mikonazol, ana shafawa sau biyu a rana na tsawon kwana 7 zuwa 14. Idan abin ya yi tsanani likita yana iya ba da ƙwayar fulukonazol mai miligiram 150 a sha sau ɗaya, amma dole ne a gaya masa sauran magungunan da ake sha, musamman na tsinka jini irin su warfarin. A kammala kwanakin da aka ƙayyade ko da ƙaiƙayin ya lafa da wuri. Ya fi kyau a dakatar da saduwa har a warke, kuma a sani cewa waɗannan mayuka suna iya raunana kwaroron roba.

Kurakurai biyu ne suka fi tsawaita wahalar. Na farko shan antibayotik, wanda ba ya taɓa Kandida ko kaɗan, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. Na biyu shafa man sitiroyid shi kaɗai, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci alhali ƙwayar tana ci gaba da yaɗuwa, fatar kuma tana sirancewa. Haka nan bai dace a wanke wurin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ba, domin fatar da ta riga ta kumbura ƙonewa take yi.

Yaya za a hana ta dawowa?

A wanke wurin kullum da ruwan ɗumi, a guji sabulu mai turare, a tsane shi sosai kafin a sa tufafi. Kamfai na auduga wanda bai matse ba ya fi dacewa, kuma a sauya shi bayan an yi gumi. Mai ciwon suga ya kula da daidaita sugansa.

Yaushe ne zuwa asibiti ya zama dole?

Idan an yi mako biyu ana magani babu sauƙi, ko cutar tana ta dawowa, a je a yi gwajin suga da na sauran cututtuka. Gyambon da ya ƙi warkewa yana buƙatar bincike, domin a wasu lokuta ƙalilan yana iya zama farkon sankara. Idan kuwa aka janye loɓa ta maƙale a bayan kan azzakari ta ƙi komawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya biyo bayan kumburin, a garzaya asibiti nan take.