Gudun motsa jiki da aikin sa kai a cibiyar matasa a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Mene ne haɗin gudun motsa jiki da aikin sa kai?

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Masu gudu su taru bayan sallar asuba, su ruga zuwa inda ake buƙatar hannu, su yi aiki na rabin sa'a ko fiye, sannan su koma a guje kamar yadda suka zo. A Landan akwai ƙungiyar GoodGym da ta fara irin wannan tun 2009, amma Bahaushe ba sai ya je Ingila neman misali ba, domin da aikin gayya kakanninmu suka nome gonaki suka ɗaga jinka. Abin da ya sauya shi ne, gumin da a da ake zubarwa a kan kwalta kawai, yanzu wani zai ci moriyarsa.

Wane aiki mutum ashirin za su iya yi wa cibiya cikin ɗan lokaci?

Suna iya yin abin da mai gadi ɗaya zai yi mako bai gama ba. Wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan wurare ya san yadda suke: ledar ruwa ta maƙale a jikin waya, benci ya rasa ƙafa ɗaya an tokare shi da bulo, ganyen dogon yaro ya cika tsakar gida. Da tsintsiya da manjagara da baro biyu za a share fili, a yashe kwata kafin damina ta sauka a watan Yuni, a shafa wa ɗakin karatu farar ƙasa, a kuma ja layin filin ƙwallo. Sai dai a ganina, abin da ya fi shara daraja shi ne sana'ar da ke hannun masu gudun, domin a cikinsu ba a rasa malamin makaranta ko kafinta ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zai zauna da yara ya nuna musu lissafi ko kwamfuta.

Zafin Sakkwato ba zai hana ba?

Zai hana wanda bai kula da lokaci ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka ya kamata a kammala komai kafin rana ta take, kowa kuma ya zo da ruwansa. Da hunturu ƙura ce matsalar, musamman ga mai asma, a watan azumi kuwa gara a rage tafiyar ko a mayar da ita bayan buɗa-baki.

Su matasan me za su samu banda tsabtataccen wuri?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, kuma yaron da ya ga babban mutum mai mutunci yana haki da shebur a hannu ya fi saurin ɗauka fiye da wanda aka yi wa lacca. Wani daga nan zai fara bin ayarin zuwa filin wasa na Giginya.

Wa za a fara tuntuɓa?

Shugaban cibiyar, sannan mai unguwa. A je da sallama a ce, "Malam, me kuka fi buƙata?" kada a iso da gwangwanin fenti alhali famfo ne ya lalace. Idan akwai 'yan mata a cibiyar, a bar mata daga cikin ƙungiyar su yi hulɗa da su, kuma kada a ɗauki hoton yaro a saka a Facebook ba da yardar iyayensa ba.

Me ke kashe irin wannan yunƙuri?

Zuwa sau ɗaya. Ranar farko kowa yakan fito da zumuɗi, mako uku ke nan sai a nemi mutane a rasa, yaran da aka yi wa alkawarin darasi kuma su yi ta duban ƙofa. Ya fi kyau ƙungiya ta ɗauki Asabar ɗaya a wata, ta rubuta sunan wanda zai riƙe kayan aiki da wanda zai kira shugaban cibiya ranar Juma'a ya tabbatar masa ana nan tafe.